Idon da Ba Ya Ƙiftawa

A Kusuri, inda Logon ke juye wa Shari ruwansa,
ranar zaɓen shugaban masu bandar kifi,
muka aro na'ura daga lakwal,
wadda ke duba jarrabawar yara.
Aka girke ta kan tebur a rumfar kwano,
aka jawo mata wuta daga shagon mai ƙanƙara.

Ni aka ɗora wa ciyar da ita.
In daidaita bakin takarda, in miƙa,
ta haɗiye, ta furzar ta baya.
A cikinta akwai wani siririn haske
mai bin takarda kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Inda fari, hasken ya dawo gida.
Inda baƙi, ya nutse, ba labari.
Wannan rashin dawowar shi ne ƙuri'a.

Da'ira biyu ce tak:
ta sama ta Ilu Mai-tarwaɗa,
ta ƙasa ta Alifa, mutumin Gulfe.
Ku cike ta da fensir, kar ku ƙetare iyaka.
Na faɗa da Hausa, na faɗa da Larabcin kasuwa,
tun hantsi har muryata ta dushe.

Bara da hannu muka ƙidaya.
Fitila ta mutu sau biyu,
gari ya waye ƙuri'u sun fi kawuna yawa,
aka yi wata uku ba gaisuwa a bakin jirage.
Shi ya sa bana aka ce a nemo alƙali
wanda ba shi da suruki,
ba ya cin goro,
ba wanda ke bin sa kuɗin gishiri.

Ɗari uku da sittin ta lashe kafin la'asar
ko tari ba ta yi ba.
Sai ta cije a kan guda.
Jar fitila ta kama, rumfa ta yi tsit,
har ana jin ƙuda a kan kwandon banda.

Na zaro ta, na ɗaga wa rana.
A sama fensir, an murza shi har ya kusa huda takarda.
A ƙasa tabon babban yatsa na man kifi,
ya ratsa ta har ina hango
farar gaɓar Injamena ta cikinsa.
Haske ya shiga nan ya wuce abinsa,
na'ura ta ga baƙi biyu,
ta ce mutum ɗaya ba ya hawa jirgi biyu.

Dattawa uku suka sunkuya.
Ɗaya ya shinshina, ya ce tarwaɗa ce, ta jiya.
Aka yi dariya, aka ba Ilu.
Ba ta cece shi ba:
da goma sha ɗaya zai faɗi, ya faɗi da goma.

Amma ni na san yatsan.
Na san tsagar da wuƙa ta bari a tsakiyarsa
shekarar da aka yaye ni.
Na san kuma a gidanmu
wa aka ce kowa ya zaɓa,
da muryar da aka faɗa da ita.

Da dare aka naɗe waya,
aka mayar da na'ura cikin kwalinta.
Ɗari uku da sittin da ɗaya ta gani,
ko ɗaya ba ta riƙe ba.
Jibi za ta duba lissafin 'yan aji shida
da wankakken ido.

Inna Harira ta turo mini kwano,
hannunta na ƙamshin hayaƙi.
Ta ce, injin naku ya yi gaskiya?
Baba yana gefe yana sakace.
Na ce, ya yi iyakar ganinsa.
Ta dube ni, na dubi miya.
Ta ƙara mini tsoka,
ta tsakiya, marar ƙaya.